Wardin Ingila da na dasa a Kano yana ƙonewa a gabana, don Allah masu lambu ku zo

Maman Ilham:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah duk wanda ya san harkar fulawa ya taimaka min kafin in yi asarar da za ta daɗe tana cin raina. Yayata ce da ke aure a Birmingham ta zo hutu a Disamba ta kawo min tsarabar wardi guda uku na David Austin, wani mai fitar da irin wardi a Ingila, don ta san yadda nake haukar fulawa tun muna yara. Akwai Gertrude Jekyll mai ruwan hoda, akwai Lady of Shalott mai ruwan lemo, sai Olivia Rose Austin ita ma ruwan hoda amma mai haske. Da ta buɗe kwalin ma dariya muka yi ta yi, sanduna ne kawai masu ƙaya da saiwa a waje, ba ganye ba ƙasa, maigidan ya ce kirare aka kawo miki tun daga Ingila? Na jiƙa su a bokiti na ɗan awanni kamar yadda takardar ta ce sannan na dasa a manyan baƙaƙen robobin nan na masu sayar da fulawa, na jera su jikin katangar tsakar gida inda rana ke zama tun daga azahar har ta faɗi, saboda an rubuta suna son rana.

Wallahi Janairu da Fabrairu abin sai wanda ya gani. Toho jajaye suka fito ko'ina, wajen ƙarshen Fabrairu Gertrude ta buɗe fure ɗaya mai faɗin tafin hannun yaro, fallayen a cushe kamar an nannaɗe atamfa, ƙamshin kuwa in ka fito alwalar asuba shi zai fara tarbarka, har maƙociyata ta aiko wai wane turaren wuta nake sawa.

To tun da zafi ya shigo komai ya juye. Furen yanzu bai fi murfin kwalba ba, fallayen ba su fi goma ba, ya buɗe da safe kafin azahar gefensa ya soye kamar an sa a kasko. Ƙamshi ya tafi. Ganyen ƙasa ya koma ruwan toka-toka da ɗigo-ɗigo yana zubewa, na sama kuma bakinsa ya bushe ƙamas. Da na ga haka na ɗauka yunwa ce sai na zuba musu NPK cokali uku-uku na ƙara da kashin kaji da aka kawo min daga gona, to kamar na zuba fetur a wuta, Olivia yanzu ganye biyar suka rage mata na ƙirga su ɗazu. Ruwa kuwa safe da rana da yamma nake ba su, har mai kurar ruwanmu ya gane ya fara tsokanata wai Hajiya 'ya'yan Turawan sun sha? Shin abin nan yana yiwuwa a Kano kuwa ko in haƙura? In yana yiwuwa me zan yi yau ɗin nan?

Ɗan Fagge:

Hajiya ki yi haƙuri amma abin dariya ne, mu da aka haifa a garin muna neman inda za mu sa kanmu a watan Afrilu, ke kin ɗauko ɗan Ingila kin tsayar da shi jikin katanga da azahar. Ko yayar taki da ta kawo shi ai ba za ta iya tsayuwar minti goma a wurin ba. Ki shuka zogale ki huta, ga inuwa ga kwaɗo. In kuma lallai sai fure ga bogenbila nan, ko akuya ta gaji da ita ta bar ta.

Baba Mai Lambu:

Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki biye wa Ɗan Fagge, ko da yake a cikin wasan nasa ya faɗi rabin maganin. Na yi shekaru ina aikin gona kafin in yi ritaya, yanzu lambun bayan gida ne abokin hirata a nan Zariya, kuma na kashe wardi da hannuna ya fi a ƙirga kafin in gane kansa, don haka abin da zan faɗa miki da kuɗina na saye shi.

Ki fara sanin daga ina baƙin naki suka fito. Shi David Austin manomi ne a wani ƙauye Albrighton a yankin Shropshire, ya fitar da irinsa na farko a 1961, ya rasu a 2018. Abin da ya yi shi ne ya haɗa tsohon wardi mai ƙamshi da cikar fure, wanda sau ɗaya yake fure a shekara, da na zamani mai maimaita fure. A garinsu ya yi aikin haɗa irin, inda tsakiyar zafinsu ma'auni ke yawo wajen digiri 21 ko 22. Ingila gaba ɗaya ba su taɓa ganin 40 ba sai a Yulin 2022, kuma da ta zo ƙasar ce ta rikice. Ke kuwa 40 ɗin nan ita ce abincin Kano a Afrilu. To in Bature ya rubuta a takarda a ba shi rana, ranarsa yake nufi, ba tamu ba.

Yau ɗin nan, kafin ki karanta sauran, ki sa yara su ɗauke robobin daga jikin katangar nan. Katangar da rana ke duka da yamma murhu ce, tana shan zafi ta yi ta huro shi har bayan isha'i, in kuma ƙasan siminti ne ko intalok to wuta sama wuta ƙasa. Ki kai su gabashin ɗaki ko gabashin wata bishiya, inda za su sha hantsi daga fitowar rana zuwa kamar ƙarfe goma sha ɗaya, daga nan inuwa ta rufe su har dare. Awa huɗu zuwa biyar na ranar safe sun ishe shi a ƙasarmu. In babu irin wurin ki kafa 'yar rumfa da zana ko koren ragar nan ta masu renon shuka, amma ki ɗaga ta sama iska ta riƙa wucewa.

Sai baƙar roba. Ki taɓa jikinta da ƙarfe biyu na rana ki ji, to saiwar tana manne da wannan wurin, dahuwa take yi. Ganyen da kike gani yana bushewa ba wai ruwa ne babu ba, saiwar da za ta ja ruwan ce ta mutu, shi ya sa kina ƙara ruwa abin yana ƙara lalacewa. Kada ki cire su daga robar yanzu, ba za su jure ba. Ki nemi tsohuwar randa ko babbar tukunyar ƙasa ki zura robar a ciki, ko ki naɗe ta da buhun algarara ki riƙa jiƙa shi, ki ɗora kan bulo biyu don ta rabu da siminti.

Takin nan kuwa 'yata kin yi kuskure, amma kowa ya yi shi. Mara lafiya mai zazzaɓi ba a ɗura masa tuwo. NPK gishiri ne, kashin kaji ɗanye kuma zafi gare shi. Ki kwashe duk wanda kike iya gani a saman, sannan gobe da asuba ki zuba ruwa mai yawa a hankali har ya riƙa fita ta ƙasan robar, ki bari ya tsane ki sake, sau uku, ya wanke gishirin. Daga nan ba taki ko ƙwaya ɗaya sai ruwan sama ya zauna. Ban ruwa kuma sau ɗaya da asuba amma mai ratsawa har ƙasa, da la'asar ki tura yatsa cikin ƙasar, in kin ji danshi a gaɓa ta biyu ki ƙyale shi. Ki rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa kauri kamar yatsa uku.

Ganyen da kika ce ya yi toka-toka da ɗigo, ina zargin wasu ƙananan ƙwari ne dangin gizo-gizo, ido da ƙyar yake ganinsu, zafi da ƙura suke so. Ki ɗauko farar takarda ki tara a ƙarƙashin ganyen ki ɗan kaɗa shi, in kin ga wasu ɗigo kamar garin barkono suna tafiya to su ne. Ki zo ki ba mu labari.

Abu na ƙarshe mai ciwo, duk wani kan fure da ya fito daga yanzu zuwa saukar damina ki tsinke shi tun yana ƙarami. Na san ba daɗi. A Ingila wardi da sanyi yake barci ya farka da zafi, a nan sai ki juya masa kalanda, bazara ce lokacin kwanciyarsa, hunturu ne lokacin adonsa. Furen Fabrairun nan da kika gani shi ne gaskiyar abin da zai iya yi miki a Kano, aikinki kawai ki raya shi ya kai wani hunturun.

Maman Ilham:

Innalillahi Baba wallahi na yi gwajin takardar, suna nan birjik suna yawo, har da wata 'yar yana siririya a bayan ganyen da ban taɓa lura da ita ba don ni ban taɓa juya ganyen ba ma. Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Mun kwashe su mun kai bayan kicin ta gabas, na samu randa biyu a wajen kakar yara, ta ukun na naɗe da buhu. Da na ɗaga robar Olivia ƙasanta zafi kamar an sauke tukunya. Yanzu wane magani zan fesa wa ƙwarin? Akwai ragowar fiya-fiya a gidan, ko in sa shi? Kuma wata ta ce in barbaɗa toka saboda gara tunda zan sa ciyawa.

Ɗan Fagge kuma Allah ya shirye ka, zogale ina da shi guda huɗu.

Anti Nas:

Maman Ilham don girman Allah ki ajiye fiya-fiyan nan, kada ki kusance su da shi, ga yara a gida kuma. Waɗannan ƙwarin ba irin sauro ba ne, yawancin maganin ƙwari ba ya kashe su, sai dai ya kashe masu cinye su ya bar miki su su yi ta haihuwa. Ruwa ne maganinsu. Ki samu tiyo ko ki huda murfin gorar ruwa, da sassafe ki wanke bayan ganyen da ƙarfi daga ƙasa zuwa sama, duk bayan kwana biyu, ki yi sati biyu zuwa uku a haka ba fashi saboda ƙwan da ke ƙyanƙyashewa. Ganyen da ya zube ki share ki kai shara. Man darbejiya yana aiki amma ba a wannan zafin ba, na taɓa fesa shi da rana tana sama washegari na tarar da ganyen kamar an soya, na zauna na yi kuka kamar wata yarinya.

Ni a jihar Arizona ta Amurka nake aikin jinya, kusa da birnin Finiks, kuma ki yarda da ni zafinmu ba ya jin kunyar na Kano. A 2023 sai da muka yi kwana 31 a jere ma'auni bai sauko ƙasa da 43 ba da rana. Amma mutane suna noman wardin Ingila a nan sosai, kuma dabarar ita ce dai wadda Baba ya faɗa, a Janairu ake yi masa aski, ya yi fure na gani na faɗa a Maris da Afrilu, daga Yuni zuwa Satumba ba mai neman komai a wurinsa illa ya rayu, sai Oktoba da Nuwamba ya dawo. Ni ko busasshen fure ba na cirewa da zafi, ko ƙonannen ganye, saboda shi ke yi wa sandar inuwa, in rana ta daki sandar kai tsaye sai ta yi baƙi ta gefe ɗaya kuma ba ta warkewa.

Wani abin da ba wanda ya gaya min sai da na gani, girman da ake rubutawa a takarda ƙarya yake zama a ƙasar zafi, ba don sun yi niyya ba, don can sanyi yana taka masa burki. Graham Thomas ɗina, rawayan nan da ya fito a 1983 wanda har aka zaɓe shi wardin da duniya ta fi so a 2009, an ce zai kai ƙirjina, sai ga shi ya wuce kan katanga yana miƙa hannaye kamar kabewa, fure kuma ɗaya tal a can ƙarshen kowane reshe. Kuma rawayan nasa da zafi kafin yamma ya koɗe ya koma kamar madara. Gertrude ɗinki ma haka za ta yi miki in ta ji daɗi, ga ƙaya kamar me, kuma a wurina rowar fure gare ta, ta yi sau ɗaya mai kyau sai ta yi ta fitar da dogayen rassa. In ta fara kada ki yi ta datsewa, ki lanƙwasa reshen ya kwanta ki ɗaure shi a jikin waya ko gora, in ya kwanta sai ya fitar da fure a kowace gaɓa maimakon ƙarshe kawai.

Cikin ukun naki ni Lady of Shalott na fi sa wa rai, ƙarfi gare ta kamar jaki. Olivia ma ba ta da laulayi, takin ne ya buge ta, in sandar tana kore har yanzu to da ranta, ki ɗan kankare da farce ki gani. In wata rana za a ƙaro miki, a wurina Molineux da Darcey Bussell ba sa fashin fure, Evelyn kuma kamar don busasshen zafi aka yi ta. Pat Austin kuwa, wadda ya sa wa sunan matarsa, kyau kamar ka sace amma awa biyu a rana ta narke, Heritage kuma ki yi atishawa kusa da ita fallayen sun zube. Wannan abin da na gani ne a gidana fa, wata tana iya gaya miki daban.

Abu Turare:

Salam. Ni ba manomi ba ne, turare nake sayarwa a Jidda shekara da shekaru, amma maganar ƙamshi ce ta jawo ni. Hajiya kin ce ƙamshin ya gudu, to bai gudu ba, rana ce take shanye shi kafin ki iso. Man da ke cikin fallen fure da ɗumi yake tashi, in zafi ya yi yawa kafin hantsi ya ƙare.

Duk shekara ina hawa Ɗa'if lokacin wardi, wajen Maris zuwa Afrilu. Ku duba fa, Makka tana ƙasa tana tafasa, ka hau dutsen nan na Hada mai kwana-kwana sai ka ji kana neman rigar sanyi, garin yana sama da mita 1,800, Shafa da ke kusa da shi ma ta fi haka. A can ake noman wardin da ake haɗa ruwansa da zamzam a wanke Ka'aba. Masu tsinka tun duhun asuba suke shiga gona, kafin rana ta yi ƙarfi sun gama sun kai an auna an zuba a manyan tukwanen tagulla, saboda sun san duk awar da ta wuce man raguwa yake. Fure dubbai ake dafawa kafin a samu tola ɗaya ta man, wato cikin 'yar ƙaramar kwalbar turare, shi ya sa in na faɗa wa alhazanmu kuɗin tolar asali sai su ce Abu ka ji tsoron Allah. Kuma shi sau ɗaya yake fure a shekara, 'yan makonni, shikenan sai baɗi, ba wanda ya ce masa ya gaza.

Abin da nake so in ce, ko Larabawan da suka gaji abin nan kaka da kakanni ba su dasa shi a Jidda ba, sun bi shi inda dare ke sanyi. Ke ba ki da dutse a Kano amma kina da hunturu, wata uku zuwa huɗu na dare mai sanyi, to shi ne Ɗa'if ɗinki. In lokacin ya zo ki yanki furen da asuba yana rabin buɗewa ki sa a kofin ruwa a ɗaki, zai yi miki kwana biyu ko uku yana ƙamshi, a waje kuwa iskar hunturu ta busar da shi a yini ɗaya.

Ɗan Fagge:

To ni dai na ji, wato a shekara wata goma sha biyu za a yi wa ɗan Bature hidima wata tara ya biya da wata uku. Ko ɗan haya ne ai an kore shi.

Uwar Biyu Jos:

Hhhh Ɗan Fagge ka bar mutane. Maman Ilham ki aiko min su riƙo kawai, mu nan Jos wardi a bakin hanya ma ana sayarwa, muna sama da mita 1,200 ai. Haka Kenya, suna kan layin da ya raba duniya biyu amma suna cika kasuwar Turai da wardi saboda gonakin suna can sama wajen Naivasha da gindin Dutsen Kenya, har irin na David Austin na yanka ana nomawa a can. Ba ƙarfin rana ne kaɗai matsalar ba, rashin sanyin dare ne.

Amma kada ki ɗauka mu mun huta. Abin da ke jiranki in damina ta zauna shi ne baƙin tabo a ganye, ɗigo baƙi zagaye sai ganyen ya yi rawaya ya zube, a Agusta nawa tsirara suke zama in na yi sakaci. Wankan ganyen da Anti Nas ta ce ki yi na rani ne kawai, ruwa na sauka ki daina, ki riƙa zubawa a gindi, ki raba tukwanen iska ta ratsa, duk ganyen da ya kamu ki tsinke ki ƙona. Kuma masu cikar fure irin naki in ruwa ya jiƙa kan furen sai fallayen waje su manne ya ruɓe bai buɗe ba.

Sannan gargaɗi ga masu karantawa, kada wanda ya sayi 'ya'yan wardin Ingila a intanet, irin wanda ake sa hoton fure shuɗi ko mai kala bakwai. Na taɓa tura kuɗina, abin da ya tsiro ko dangin wardi ba ne, wata ciyawa ce. Irin waɗannan ba sa fitowa daidai daga ƙwaya, sai ta aure ko ta yankan reshe. In kuma daga waje za a kawo muku mai rai ku nemi takardar izinin hukumar killace tsirrai tun kafin a taso, kada a karɓe a filin jirgi.

Baba Mai Lambu:

Madalla da 'yan uwa, na ƙaru ni ma, batun kwantar da reshe ban taɓa gwadawa a wardi ba sai a inabi. Saura tambayar toka. Kada ki sa 'yata. Wardi yana son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, toka kuwa kanwa-kanwa ce, ga ruwan wasu rijiyoyin burtsatse da ma yana da nauyi. In abin ya taru sai ki ga sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore, wato ƙarfen da ke cikin ƙasar ya ɗaure shuka ba ta iya sha. Gara kuwa gaskiya ce tana bin ciyawa, shi ya sa na ce a ɗora kan bulo, ki bar tazarar yatsa huɗu tsakanin ciyawar da sandar, ki cakuɗa da busasshen ganyen darbejiya, kuma duk sati ki ɗaga ki leƙa. Garin katako na 'yan katako ni ba na so, gara yake kira kuma in ya jiƙe ya bushe sai ya yi ɓawo ruwa ya riƙa zamewa.

A nan zan ɗan saɓa da Anti Nas kaɗan, ita a can ƙasa take dasawa ina jin, ganyen da ya ƙone a bar shi na yarda, amma wanda ƙwarin nan suka cinye ya yi yana, gwara a cire shi, gidansu ne.

Ki lura da wani abu kuma. Naki masu aure ne, kamar mangwaro, a gindin akwai wani ƙulli inda aka haɗa mai kyan da saiwar wardin daji. In shuka ta wahala irin haka wani lokaci na ƙasan ne ke yunƙurowa, ki ga wani reshe ya fito daga ƙarƙashin ƙullin da ƙarfi, ganyensa daban, ki yi ta murna ashe ɗan daji ne zai kashe miki na saman. Ki tona ki fizge shi daga tushe, in kin yanka da almakashi dawowa yake.

In Allah ya kai mu ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni, ki juye su a tukunyar ƙasa babba, faɗi da zurfi kada su gaza santimita 45, da huda a ƙasa. Ki haɗa jar ƙasa mai ɗan danƙo da ruɓaɓɓen kashin shanu wanda ya shekara ya koma baƙi ba wari, da ɗan buntun shinkafa. Rairayi zalla ba ya riƙe ruwa. Aski kuma sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ki rage kashi ɗaya cikin uku kawai, ba irin gundulewar da za ki gani Turawa na yi a bidiyo ba, ki ba shi taki a lokacin, bayan sati shida zuwa takwas ki kira maƙociyar taki.

Maman Ilham:

Na dawo da rahoto bayan kwana goma sha biyu. Lady of Shalott ta fitar da toho uku jajaye, har da kan fure ɗaya, na tsaya a kansa kusan minti biyar kafin na iya tsinkewa, Ilham tana gefe tana cewa Mama mugunta. Gertrude ta daina zubar da ganye, na yi gwajin takarda jiya ƙwari biyu kawai na gani, ina ci gaba da wankan. Olivia ce dai ganye biyar ɗin ma sun tafi, reshe biyu sun yi baƙi har ƙasa na yanke, amma na kankare na ukun da farce kamar yadda Anti Nas ta ce, kore ne shar a ciki, don haka tana nan cikin randar kaka ina ba ta ruwa da asuba. Ruwan da nake saye ma ya ragu, mai kura har ya tambaya ko Turawan sun koma.

Baba tambaya ɗaya, kashin shanun da ya shekara ɗin, na tumaki zai iya maye gurbinsa? Akwai tarin na ragunan layyar bara a bayan gida ba wanda ya taɓa shi.